Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Gwajin Shafuka a Kantunan Intanet



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina malamin Hausa ina kantin intanet? Bari in fara da faɗin dalili.

Wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu take sayar da turaren wuta da humra ta intanet, ta zo ofishina da tambaya. A shafin kantinta akwai madannin da mai saye yake taɓawa in ya yi niyyar saye, tana so in zaɓa mata abin da za a rubuta a kansa: ko "Mallaki naki", ko kuwa "Ina so". Ban yi wata-wata ba na ce "Mallaki naki", na kuma kawo hujjoji na nahawu da na daɗin lafazi. Ta saurare ni cikin ladabi har na gama, sa'an nan ta ce, "Malam, ai na gwada duka biyun, 'Ina so' ya fi kawo ciniki." Na ji kunya ƙwarai, kunyar kuwa ita ta sa na shiga karatu a kan wannan al'amari. Abin da na samo shi zan gabatar muku yau. Za mu koma kan wannan ɗaliba, domin labarinta bai ƙare a nan ba.

Makantar Mai Kanti

Ɗan kasuwa a Kurmi ko a Kantin Kwari yana da idanu. Yana ganin mai saye tun daga nesa, ya ga inda ya tsaya, da turmin atamfar da ya shafa, da yadda fuskarsa ta sauya da jin kuɗi. In an taya ya ce albarka, mai saye ya juya zai tafi, yana iya kiransa ya yi masa ragi ko ya ƙara masa gyara. Kowace rana kasuwa tana koya masa wani abu.

Mai kantin intanet ba shi da wannan gata. Mutum ya shigo shafinsa daga Legas ko daga Yamai, ya duba, ya fita, ba sallama ba ban kwana. Abin da ya rage masa shi ne ƙidaya: mutum nawa suka shigo, nawa suka saya. In an raba na biyu da na farko, a sami abin da zan kira kason saye. Kalmar da Turawa suke amfani da ita a nan, asalinta ta juyar da mutum ce daga wani addini zuwa wani, watau a juyar da ɗan kallo ya zama mai saye. Na so in ce "kason faɗawar ciniki", tun da mukan ce ciniki ya faɗa, amma na ji tsoron kada a karanta shi "faɗuwar ciniki", ma'ana ta juye.

A yawancin kantunan intanet, cikin kowane mutum 100 da suka shigo, 2 ne ko 3 suke saye. Har ila yau, cibiyar Baymard ta ƙasar Denmark, wadda take tattara bincike kan wannan fanni, ta nuna cewa wajen kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka zuba kaya a kwandon saye sukan tafi su bar shi ba su biya ba. Saboda haka in mai kanti ya ɗaga kasonsa daga 2 zuwa 3 cikin 100, cinikinsa ya ƙaru da rabi ke nan, ba tare da ya ƙara ko kwabo a kuɗin talla ba. Wannan shi ne abin da ake nema.

Yadda Ake Gwajin

Hanyar ba ta da wuyar faɗa. A yi shafi iri biyu, a kira tsohon A, sabon kuma B. Su kasance daidai ta kowace fuska in ban da abu ɗaya tak, wanda ake so a gwada: ko kalmar da ke kan madanni, ko hoton kaya, ko nuna kuɗin kai kaya tun da farko maimakon a ƙarshe, ko rage tambayoyin da mai saye zai amsa kafin ya biya. Duk wanda ya shigo, kwamfuta ta jefa masa ƙuri'a, ta tura shi A ko B, ta kuma ajiye wata 'yar alama a wayarsa, don in ya komo gobe ya ga irin shafin da ya gani jiya. A bar su suna tafiya tare, a lokaci guda, har wa'adin da aka ɗiba ya cika. Sa'an nan a ƙirga. Wannan shi ake kira gwajin A da B.

Sharuɗɗa uku ne ke riƙe da shi: bambanci guda, lokaci guda, da rabo ta hanyar ƙuri'a. In aka sauya hoto da kalma tare, ba a san wanne ya yi aiki ba. In aka gwada A a wannan wata, B a wata mai zuwa, to wata aka gwada, ba shafi ba. In kuma mai kanti ne ya zaɓi waɗanda za su ga B, son zuciyarsa ya shiga ciki ko bai sani ba.

Asalin Dabarar

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da ciwon nan da ke sa dasashi ya kumbura ya yi ta jini. Ya kasa su biyu-biyu, kashi 6, abincinsu ɗaya, amma kowane kashi da abin da aka ƙara masa. Wasu har ruwan teku aka ba su. Biyun da aka ba lemon zaƙi da lemon tsami su suka fi saurin murmurewa. Yau mun san rashin bitamin C ne ke kawo ciwon.

Wanda ya kafa ƙa'idar ƙuri'a shi ne Ronald Fisher, masanin lissafi da ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919. Matsalarsa kowane manomi a nan ya san ta. Gona ɗaya tana da gefen jigawa da gefen da ruwa ke kwanciya. In ka zuba sabon taki a gefen da ya fi danshi, dawa ta yi kyau, ba ka san ko takin za ka yaba wa ko ƙasar ba. Fisher ya ce a yanka gonar ƙanana-ƙanana, ƙuri'a ta zaɓi inda za a zuba kowane taki, don kyawun ƙasa da muninta su rabu daidai tsakanin ɓangarorin. Ya tattara wannan ilmi a littafinsa na 1935 kan tsara gwaji. A 1948 kuma aka buga sakamakon gwajin maganin tarin fuka a Ingila, inda aka raba marasa lafiya ta wannan hanya, daga nan ta zama ma'aunin gwada magunguna.

Masu talla ma ba a bar su a baya ba. Claude Hopkins na Amurka, a littafinsa na 1923, ya bayyana yadda yake buga talla iri biyu, kowace da 'yar takarda mai lamba wadda mai saye zai yanke ya aiko, don a ƙirga wadda ta fi jawo mutane. Abin da intanet ya ƙara shi ne sauri da yawa. Gwajin da kan ci damina guda a gona, yanzu mako biyu ya ishe shi.

Abin Da Gwaje-gwaje Suka Nuna

Zan kawo misalai huɗu, dukkansu waɗanda suka yi aikin ne suka bayyana su.

Na farko, Google. A shekarar 2000 kamfanin ya fara gwaji kan yawan amsoshin da ya kamata a nuna a shafi ɗaya. Marissa Mayer, wadda take cikin manyan ma'aikatansa a lokacin, ta bayyana a 2006 cewa da aka tambayi mutane, sun ce sun fi son amsoshi da yawa. Amma da aka nuna wa wasu 30 maimakon 10, sai binciken da suke yi ya ragu da wajen kashi 20 cikin 100. Dalili kuwa, shafin ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa kafin ya buɗe. Abin da baki ya faɗa dabam, abin da yatsa ya aikata dabam.

Na biyu, Amazon. Wani injiniyansa, Greg Linden, ya yi tunanin a riƙa nuna wa mai saye wasu kayayyaki da suka dace da abin da ya zuba a kwando, kamar yadda mai tebur kan ce ga maggi ga wanda ya sayi gishiri. Wani babban jami'i ya hana, yana ganin hakan zai ɗauke hankalin mai saye daga biya. Linden ya gwada duk da haka, ribar da aka gani kuwa ta sa aka gaggauta ƙaddamar da tsarin.

Na uku ba na kanti ba ne, amma ya shafi kalma. A watan Disamba na 2007, masu yaƙin neman zaɓen Barack Obama sun gwada madannai 4 da hotuna da bidiyo 6, watau haɗi 24, a kan mutum 310,382. Ma'aikatan sun fi son bidiyo, amma kowane bidiyo ya kasa kowane hoto. Wanda ya yi nasara shi ne hoton iyali tare da madannin da ke gayyatar mutum ya ƙara sani, maimakon wanda ke umartarsa ya yi rajista. Kason masu ba da adireshinsu ya tashi daga 8.26 zuwa 11.6 cikin 100.

Na huɗu, Bing na kamfanin Microsoft. A 2012 wani ma'aikaci ya ba da shawarar a tsawaita kanun talla da 'yan kalmomi daga layin da ke ƙasa. An raina shawarar, ta kwanta fiye da wata 6. Da wani injiniya ya gwada ta, kuɗin shiga ya ƙaru da kashi 12 cikin 100, watau fiye da dala miliyan 100 a shekara a Amurka kaɗai.

Kada waɗannan labarai su ruɗe mu. Ron Kohavi, wanda ya shugabanci irin wannan aiki a Microsoft, ya ce cikin shawarwarin da aka gwada a can, kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kawo gyara. Kashi ɗaya ba su sauya kome ba, kashi ɗaya kuwa ɓarna suka yi. Ku lura, waɗannan shawarwari ne na ƙwararru da ake biya albashi mai tsoka. Babban amfanin gwaji ke nan: yana tare mugun ra'ayi mai kyan fuska, ko da daga bakin shugaba ya fito, ko daga bakin malamin Hausa.

Inda Ake Tuntuɓe

Yanzu mu koma ga ɗalibata. Bayan na yi karatu, na kira ta na tambaye ta yadda ta yi gwajin. Ashe "Ina so" ta sa a makon jajiberin ƙaramar salla, lokacin da kowace mace ke neman turare, "Mallaki naki" kuwa bayan salla, sa'ad da aljihu ya bushe. Waɗanda suka shiga shafin duka-duka 'yan ɗaruruwa ne. Ashe ni ban san gaskiya ba, ita ma ba ta sani ba. Bambancinmu shi ne, ni na dogara da ra'ayi, ita kuwa ta dogara da ƙidayar da ba ta da tushe, wadda ta fi ra'ayi hatsari domin tana sanye da rigar ilmi.

Tuntuɓe na farko shi ne ƙarancin mutane. Alal misali, a ce mutum 1,000 sun ga A, 20 suka saya, wasu 1,000 sun ga B, 26 suka saya. Mai kanti zai yi murna ya ce ciniki ya ƙaru da kashi 30 cikin 100. Amma lissafi ya nuna cewa ko da shafukan biyu iri ɗaya ne sak, irin wannan rata ta mutum 6 takan faru sau da yawa bisa dace kawai. Don a tabbatar da tashi daga 2 zuwa 3 cikin 100, ana bukatar wajen mutum 4,000 a kowane ɓangare. Don a tabbatar da tashi daga 2 zuwa 2.2 kuwa, sai wajen 80,000 a kowane ɓangare. Ƙaramin kanti ba shi da wannan taro. Saboda haka shawarata ga ƙananan 'yan kasuwa ita ce su bar gwada launin madanni, su gwada manyan abubuwa, kamar kai kaya kyauta ko biya bayan an karɓa, su kuma zauna kusa da mutum biyar ko shida su ga inda suke kakarewa a shafin.

Na biyu shi ne leƙe. Mukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma wannan magana ba ta aiki a nan. Wanda yake duba sakamako kullum, ya tsai da gwaji ranar da B ya wuce gaba, ya zama kamar mai busa tashi daga wasa da zarar ƙungiyarsa ta ci. A ɗibi wa'adi tun da farko, ya ƙunshi cikakkun makonni, domin mai sayen Litinin ba shi ne na Asabar ba, na ƙarshen wata kuma ba shi ne na tsakiyar wata ba. Ma'aikata da ke nan sun fi ni sanin wannan.

Na uku, yawan gwaji. Bisa ma'aunin da aka saba amfani da shi, in ka gwada abubuwa 20 da ba su da wani tasiri, akwai tsammanin ɗaya zai fito kamar ya yi nasara. Sakamakon da ya cika ban mamaki, a sake gwada shi kafin a yi shela.

Na huɗu, auna abin da bai kamata ba. Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, sun sami karɓuwa a Nijeriya ta hanyar yarda mutum ya biya bayan kaya sun iso. A irin wannan tsari, taɓa madanni ba shi ne ciniki ba. Shafin da ya ingiza mutane suka yi oda, sa'an nan suka ƙi karɓar kaya a ƙofar gida, asara ya jawo. A ƙirga kuɗin da ya shiga hannu, da kayan da aka mayar, da mutanen da suka sake dawowa.

Tauye Mudu

Akwai wata tambaya da lissafi ba ya amsawa. Gwaji yana gaya maka abin da ke sa mutum ya saya, amma ba ya gaya maka ko ka yi masa adalci. In ka rubuta "saura guda biyu" alhali sito cike yake, ko ka sa agogon ƙarya mai ƙirga ƙarewar rangwame, ko ka ɓoye wani caji sai a shafin ƙarshe, mai yiwuwa ne kason saye ya tashi. Sunan wannan a kasuwarmu tauye mudu, ko da kwamfuta ce ta riƙe mudun.

Abin ya sha faruwa. A watan Satumba na 2000 an gano Amazon yana gwada farashi dabam-dabam na faifan fim ɗaya a kan mutane dabam-dabam. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya mayar wa dubban mutane rarar kuɗinsu. A watan Janairu na 2012 Facebook ya sauya abin da mutum 689,003 suke gani har mako guda, don a ga ko zai taɓa yanayin zuciyarsu, ba su kuwa sani ba sai da aka buga sakamakon a 2014. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan shafukan kama ɗakin otal, ciki har da Booking.com da Expedia, suka yi alkawarin daina matsa wa mutane da sanarwar da ke nuna ɗakuna sun kusa ƙarewa ta hanyar da ke ɓatar da mai karatu. A watan Satumba na 2025 kuma Amazon ya yarda ya biya dala biliyan 2.5, ba tare da amsa laifi ba, don kashe ƙarar da hukumar ciniki ta Amurka ta shigar, bisa zargin an sauƙaƙa shiga tsarinsa na Prime, an wahalar da fita.

Ga ma'aikatan gwamnati, nan akwai aiki biyu. Ɗaya shi ne tsaro: muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma doka ba ta kama abin da jami'inta bai gane ba. Na biyu shi ne koyi. Gwamnatin Birtaniya ta kafa wani sashe a 2010 wanda ya gwada wasiƙun haraji iri-iri, ya ga cewa jimla guda, mai sanar da mutum cewa yawancin jama'a sun riga sun biya, tana ƙara yawan masu biya. Fom nawa ne a ofisoshinmu mutane suke kasa cikawa, ba wanda ya taɓa gwada wani tsari dabam?

Rabon Hausa

A ƙarshe in komo gida. Yawancin gwaje-gwajen da na ambata da Ingilishi aka yi su, a kan mutanen wasu ƙasashe. Sakamakonsu ba gado ba ne da za mu ɗauka haka nan. Hausa tana da tambayoyinta. Ingilishi ba ya bambanta namiji da mace in ana magana da mutum, mu kuwa dole mu zaɓa: "ka saya", ko "ki saya", ko "ku saya", ko "a saya". Wanne ne mai saye zai ji an girmama shi, wanne zai ji an yi masa tsawa? "Kwando" za mu ce ko "jaka"? "Oda" ko "saye"? Shafin da ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai, ya fi samun amincewa bisa wanda ya yi watsi da ƙugiya? Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibin Hausa da ɗalibin lissafi za su iya haɗa kai su amsa, kowace kuwa ta isa kundin digiri.

Sai dai akwai iyaka. Ƙidaya tana iya nuna kalmar da ta fi kawo kuɗi, amma ba ta da ikon yanke hukunci kan wadda ta fi zama daidai. In gwaji ya nuna gurɓatacciyar Hausa ta fi ciniki a wannan mako, wannan bai wanke ta ba. Mu malamai mu rage taƙama da ra'ayinmu a kan abin da za a iya ƙirgawa, 'yan kasuwa kuma kada su miƙa wa kwamfuta abin da ba na ƙirge ba, watau gaskiya da mutuncin harshe.

Kammalawa

Ɗalibata ta sake gwajin, wannan karo da ƙuri'a, a lokaci guda, har mako huɗu. Ratar da ta fito ba ta kai a dogara da ita ba. Amma da ta zauna da wasu mata tana kallon yadda suke amfani da shafin, sai ta ga inda suke tsayawa: ba sa ganin kuɗin kai kaya sai a ƙarshe, daga nan su fita. Ta mayar da shi shafin farko. Madannin kuwa har yanzu "Ina so" ne a kansa, na kuma daina gardama.